Ɗigon da Allo Ya Haɗiye: Saitin Fuskar Kwamfuta da Amanar Karatun Ajami

A zaman kare kundin digiri a sassan nazarin Hausa, akwai tambayoyin da aka saba jefa wa ɗalibin da ya yi aiki a kan rubutacciyar waƙa ta ajami. A hannun wa ya sami kwafin? Wane ne ya kwafe shi, kuma a wane zamani? Kwafi nawa ya gwama kafin ya tsayar da matani? Tambayoyi ne na gado, kuma suna nan da amfaninsu. Amma akwai guda da ba a cika yi ba, alhali a aikace ita ce ke gaban sauran a yau: lokacin da ya zauna juya rubutun zuwa boko, takardar ce a gabansa ko hotonta? In kuwa hoto ne, a kan wane irin allo ya karanta shi, kuma da wane saiti?

A ɗauki misalin ɗalibi ɗan Alelu, a Ƙaramar Hukumar Jega ta Jihar Kebbi, wanda ke digiri na biyu a Sakkwato ko Kano ko Zariya, ya kuma zaɓi nazarin waƙoƙin wa'azi da ke ajiye a gidajen malaman yankinsu. Zaɓin yana da tushe. Ƙasar Jega da Aliero da Maiyama tsohuwar matattarar ilimi ce a ƙarƙashin Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa har ƙarshen rayuwarsa. Gimbana, mazaunin Malam Abdussalam, wadda harin Gobirawa a kanta ya kasance cikin musabbaban hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, tana nan kusa, kuma ɗan Abdussalam ɗin, Buhari, shi ya kafa Jega. Inda aka yi irin wannan zama ba a rasa gafaka cike da takardu. Sai dai mai gafaka ba ya ba da aron gadon kakansa a tafi da shi birni, kuma yana da gaskiya. Abin da ɗalibi zai samu shi ne izinin yini ɗaya ko rabin yini, ya shimfiɗa warƙoƙin a kan tabarma ya ɗauki hotonsu da wayarsa. Daga ranar har ya kammala kundi, wata shida ne ko shekara, da wuya ya sake ganin takardar. Allon kwamfutarsa ya zame masa takarda. Abin da allon ya nuna shi zai shiga kundi a matsayin matani, abin da ya ɓoye kuwa zai fice daga tarihin adabi ba tare da kowa ya ankara ba.

Saboda haka saitin allo ya cancanci gurbi a cikin hanyoyin bincike na nazarin Hausa, daidai da yadda sanin takarda da tawada da hannun magwafi ya sami gurbi. Barin sa a hannun mai gyaran kwamfuta na bakin kasuwa, ko a kan yadda na'ura ta zo daga kamfani, sakaci ne da shaidar da bincike ya dogara a kanta.

Girman allo da kaifin alƙalami

Abubuwa uku ake cakuɗawa idan ana maganar allon kwamfuta, kuma makarantar allo ta riga ta rarrabe biyu daga cikinsu tun da daɗewa. Kowane gardi ya san girman allo daban, kaifin alƙalami daban. Babban allo da aka rubuta da dakusasshen alƙalami ba zai ɗauki abin da ƙaramin allo zai ɗauka da alƙalami mai kyakkyawar fiƙa ba. Shi ya sa malam ke rubuta wa mai koyon babbaƙu manyan haruffa, shi kuwa mai satu ya tsuke rubutunsa har sumuni ya shige fuska ɗaya.

Girman allon kwamfuta da inci ake auna shi, daga kusurwa zuwa kusurwa. Kaifin alƙalaminsa kuwa shi ne adadin ƙwayoyin haske da aka jera a kansa, waɗanda ake kira fiksel. Kowace ƙwaya launi ɗaya take iya nunawa a lokaci guda, don haka duk abin da ya gaza ƙwaya ɗaya girma ba shi da wurin zama a kan allo. Ma'aunin VGA da kamfanin IBM ya fitar a 1987 ƙwaya 640 ne a kwance, 480 a tsaye. Na XGA da ya biyo baya a 1990 ya kai 1024 da 768. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda suka fi yawa a hannun ɗalibai, galibi 1366 da 768 ne. A kan allo mai inci 15.6 wannan na nufin ƙwaya kusan 100 a kowane inci. Allo mai girma ɗaya da shi amma mai ƙwaya 1920 da 1080 yana da kusan 141 a inci. Ido zai ga alluna biyu masu girma ɗaya, alhali na biyun ya kusa ninka na farkon a yawan abin da yake iya nunawa.

Abu na uku shi ne faɗin shimfiɗar aiki, wato filin da ake baza tagogin manhajoji a kansa. Mafi yawan masu amfani da kwamfuta suna ɗauka cewa shimfiɗa da allo abu ɗaya ne, domin haka suka tarar da su. Ba dole ba ne su zama ɗaya, kuma za a dawo kan wannan.

Lissafin asarar mai sauƙi ne. A ƙaddara warƙa mai tsawon santimita 22 da faɗin santimita 16, an ɗauke ta da ƙwaya 300 a kowane inci. Hotonta zai kai ƙwaya kusan 2,600 a tsaye da 1,890 a kwance. Ɗigon tawada mai faɗin rabin milimita zai sami ƙwaya shida a hoton, siririn wasali mai kaurin rubu'in milimita zai sami uku. To, ɗalibi ya buɗe hoton a kan allo mai ƙwaya 768 a tsaye. Sandunan manhaja na sama da na ƙasa sun ci wajen ɗari, saura kamar 650. Manhajar duba hoto, bisa al'adarta, za ta matse warƙar duka ta shige wannan fili domin a gan ta gaba ɗaya. An rage tsawo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, faɗi ma haka, wato kowace ƙwayar allo tana wakiltar ƙwayoyin hoto goma sha shida da aka dama wuri ɗaya. Ɗigon nan ya koma ƙwaya ɗaya da rabi. Wasalin bai kai ƙwaya ɗaya ba, sai ya narke cikin launin takarda ya zama wani dishi-dishi da ba a bambance shi da tabon danshi ko kashin ƙuda.

Abin da ke tafiya tare da ɗigo

Da a ce ajamin Hausa rubutu ne da jikin harafi ke ɗauke da dukkan ma'ana, da asarar ba ta kai a yi mata sharhi ba. Akasin haka ne. A rubutun magaribi da malaman ƙasar Hausa suka gada tare da ruwayar Warshu, fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, jikinsu a farkon kalma da tsakiyarta iri ɗaya. Tsakanin "fara" da "ƙara" babu komai sai mazaunin ɗigon nan. Ba da ta da nun da ya, in suna tsakiyar kalma, haƙori ɗaya ne, ɗigo ke raba su. Ɗa mai hannu da tsa mai hannu ɗige-ɗige ne tsakaninsu a hannun magwafa da dama. Wasalin e kuwa, wanda Larabcin Hafsu bai tanadar wa alama ba, da ɗigon imala ake nuna shi a ƙarƙashin harafi, a daidai wurin da wasali ƙasa ke zama. Idan matsi ya mayar da gajeren layi da ɗigo abu ɗaya, "gari" da "gare" sun haɗe, "kashi" da "kashe" sun haɗe.

Larabci yana jure rashin wasulla domin nahawunsa da awon kalmominsa suna shiryar da mai karatu. Hausar ajami ba ta da wannan gata sosai, shi ya sa magwafanta suka saba cika ta da wasulla, rufu'a da ɗauri da shadda duka. Sun san abin da suke yi. Wasu ma da jar tawada suke sa wasullan, kuma nan ma akwai wata asarar ta daban: tsarin adana hoto na JPEG, wanda wayoyi ke amfani da shi, yakan adana bayanin launi da ƙarancin ƙwayoyi fiye da bayanin haske da duhu. Siririn jan layi a kan takardar da ta yi ruwan ƙasa don tsufa shi ne abu na farko da ke dusashewa.

Ga mai nazarin karin harshe, lamarin ya fi tsanani a wannan yanki musamman. Hausar yamma, ta Sakkwato da Gwandu da Kabi, an san ta da ninka baƙi inda Hausar Kano ke ja ko ke sa wani harafi: "hulla" a maimakon "hula", "mallam" a maimakon "malam", "rigas sarki" a maimakon "rigar sarki". A ajami, shaidar wannan sau da yawa shadda ce, 'yar ƙaramar alama a saman harafi. Ɗalibin da ya yi karatunsa da daidaitacciyar Hausa, in bai ga shaddar ƙarara ba, ƙwaƙwalwarsa za ta cike gurbin da abin da ta saba. Sai waƙar da aka rubuta da Hausar Gwandu ta fito a kundi da Kananci, wani manazarcin ya zo daga baya ya kafa hujja da wannan kundi cewa marubutan ƙarni na 19 sun riga sun karkata ga Hausar gabas. Kuskuren ya sami lambar shafi, ya shiga sahun abin da ake ambato.

Haka abin yake ga karin waƙa. Tun shekarun 1970 manazarta irin su M. K. M. Galadanci da Mervyn Hiskett suka nuna yadda rubutacciyar waƙar Hausa ta hau ma'aunan arulin Larabci, waɗanda suka ginu a kan bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ɗauri ɗaya ko shadda ɗaya ke mayar da gaɓa mai nauyi. Wanda bai gan su ba zai yanke hukuncin cewa baiti ya karye, ya ɗora wa mawaƙin da ya rasu shekara ɗari da hamsin illar da allon kwamfuta ya haifar.

Boko ma bai tsira ba, ko da yake nasa ya fi sauƙi. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka kafu a shekarun 1930 bayan an gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi an kuma gwada waƙafin sama, da 'yar ƙugiya kawai suka bambanta da b da d da k. Manhajar Windows tana lissafi a kan ƙwaya 96 a inci, don haka harafi mai awo 12 ƙwaya 16 yake samu a tsaye, mai awo 10 na bayanin ƙasan shafi kuma kusan 13. A cikin wannan, rabon ƙugiya bai wuce ƙwaya biyu ko uku ba. Bahaushe zai karanta "baki" da "baƙi", ko "fada" da "faɗa", ko "bari" da "ɓari" daidai saboda muhallin jimla, kuma wannan ƙwarewar tasa ce ke hana shi ganin kuskure idan yana tace rubutu. Masana tsarin sauti da ke ɗora alamar tsawon wasali da ta karin sauti a kan harafi ɗaya sun fi kowa sanin yadda alamomin biyu ke haɗewa su zama ɗan gululu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, Hausa kuma tana cikin darussan, da tambayoyin ƙa'idojin rubutu a cikinta. Yaron Alelu da ya tafi cibiyar jarrabawa mafi kusa da shi yana buƙatar allon da zai nuna masa ƙugiyar da ake tambayarsa a kanta.

Duk wanda ya daɗe a wannan fage ya san wahalar tsofaffin zubin haruffa irin Rabi'at, waɗanda suka yi wa Hausa hidima matuƙa kafin tsarin Unicode ya yaɗu, amma in aka buɗe rubutunsu a na'urar da ba ta da su sai a ga baka-biyu da wasu alamomi a gurbin ƙ da ɗ. Wannan matsalar tana da kirki ɗaya: tana nuna kanta, kowa ya gani ya gyara. Ta matsin allo shiru take yi. Shafin yana nan da kyan gani, babu abin da zai sa a yi zargi.

Wani abin takaici shi ne maganin da aka fi yi wa ƙanƙantar rubutu yana ƙara cutar. Dattijon malami ya ce rubutu ya yi masa ƙanana, sai wani yaro ya shiga saiti ya rage adadin ƙwaya daga 1920 da 1080 zuwa 1280 da 720. Rubutu ya yi girma, malam ya yi godiya. Amma allon zamani, ba kamar tsohon mai ƙusumbi ba, ƙwayoyinsa a kafe suke, adadinsu ba ya canzawa. Idan aka ba shi hoto mai ƙwayoyin da ba su kai nasa ba, sai ya shafa kowace ƙwaya a kan ɗaya da rabi, gefen haruffa ya yi hazo. Abin da ya dace shi ne a bar adadin ƙwaya a kan na asalin allon, a ɗaga ma'aunin faɗaɗa rubutu zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari. Saituna biyun suna shafi ɗaya a Windows, ɗaya a saman ɗaya. Na farkon yana rage wa harafi ƙwayoyi masu kaifi, na biyun yana ƙara masa. Irin wannan kuma na faruwa a ɗakin taron ƙara wa juna sani, idan aka haɗa kwamfuta da tsohon majigi mai ƙwaya 1024 da 768 aka ce su nuna abu ɗaya: kwamfutar ce ke sauka zuwa matakin majigin.

Shimfiɗa mai rara

A nan ne batun faɗin shimfiɗar aiki ke da amfani. Masu kwamfuta suna kiran abubuwa biyu da suna ɗaya, ya kamata a raba su. Na farko shi ne shimfiɗu da yawa masu girman allo, ana tsallakawa daga wannan zuwa waccan kamar mai ɗakuna da dama. An gwada wannan a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a Amurka tun 1986 da wata manhaja mai suna Rooms, Windows kuma ta shigar da shi cikin jikinta a fitowar Windows 10 a 2015. Yana da amfani wajen tsara aiki, amma bai ƙara wa hoto komai ba.

Na biyun shi ne abin nufi: shimfiɗa ɗaya wadda ta fi allo girma, allon ya zama taga da ke yawo a kanta. Ana iya kiran ta shimfiɗa mai rara. Tsarin nuni na X, wanda aka fara a jami'ar MIT a 1984 kuma manhajojin Linux suka daɗe suna tafiya a kansa, ya tanadi wannan. A fayil ɗin saitinsa, xorg.conf, layin Modes yana faɗin adadin ƙwayar da allo zai nuna, layin Virtual kuma yana faɗin girman shimfiɗar. A na'urorin baya-bayan nan umarnin xrandr yana yin wannan aiki ba tare da an taɓa fayil ba. Idan allo 1366 da 768 ne aka ba shi shimfiɗa 2732 da 1536, an sami fili ninki huɗu. Da zarar kibiyar linzami ta taɓa gefen allo, sai tagar ta zame zuwa wancan ɓangaren. A shekarun 1990 ƙwaƙwalwar katin hoto ce ke iyakance wannan, domin megabait ɗaya da ƙyar yake ɗaukar 1024 da 768 mai launi 256. Shimfiɗar da aka ambata yanzu ba ta kai megabait 17 ba, abin da tsohuwar kwamfuta ma ba za ta ji nauyinsa ba.

Mai karatu zai ce ai kowace manhajar hoto tana da maɓallin zuƙowa, me ya kawo wannan wahala? Ga mai karanta kwafi ɗaya, zuƙowa zuwa kashi 100 cikin ɗari, inda ƙwayar hoto ɗaya ke hawa ƙwayar allo ɗaya, ta wadatar, kuma da ɗalibai za su lizimci wannan kaɗai da an rage rabin ɓarnar. Amma tsayar da matani gwama kwafi ne. Ana son kwafin Jega a hagu, na wani gida a dama, shafin juyawa zuwa boko a ƙasa, kowanne a buɗe a cikakken girmansa kuma a kan baiti ɗaya. A kan allo mai faɗin ƙwaya 1366, tagogi uku na nufin kowace ta zama 'yar kafa da ba ta ɗaukar ɗango ɗaya cikakke, sai a koma matse hotunan, a koma gidan jiya. A kan shimfiɗa mai rara kowane kwafi yana zaune a wurinsa da girmansa, hannu ne kawai ke kai ido daga wannan zuwa wancan, kamar yadda malami ke baza warƙoƙi a kan buzu yana juya kai.

Tana da iyakokinta, kuma gara a faɗe su. Ba ta ƙara wa allo ƙwaya ko ɗaya, saboda haka ba za a ga warƙa duka da cikakken kaifinta a kallo ɗaya ba. Takan rikita wanda bai saba ba, taga ta ɓace masa a wani lungu. Sababbin fitowar Linux da dama sun koma tsarin nuni na Wayland, inda umarnin xrandr ba ya wannan aiki, sai an zaɓi zaman X tun wajen shiga. Windows ta yau ba ta tanadi irin wannan zamewar a saitinta na yau da kullum ba. Akwai kuma tarko: wani zaɓin na xrandr yana matse babbar shimfiɗa ta shige allo gaba ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu, an dai sauya masa riga.

Ga wanda wannan hanya ba ta buɗe masa ba, akwai ta biyu mai arha. Allunan yau shimfiɗaɗɗu ne a kwance, 16 bisa 9, domin an yi su ne da kallon fim a zuciya. Warƙa kuwa a tsaye take. Allo na biyu mai ƙwaya 1920 da 1080, in aka juya shi ya tsaya aka gaya wa manhaja haka, ya ba da ƙwaya 1920 a tsaye, ninki biyu da rabi na abin da ƙaramar kwamfutar ke bayarwa. Har tsohon allon nan mai kusan murabba'i, 1280 da 1024, da aka jibge a sito don an ce ya tsufa, ya fi sabon mai 768 dacewa da karatun takarda. Tsayin nan yana da wani muhimmanci na daban. Littattafan malaman ƙasar Hausa warƙoƙi ne a sake, ba a ɗinke ba, kuma abin da ke tsare jerinsu shi ne kalmar da magwafi ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Ita da hashiyar gefe, inda sau da yawa ake samun fassarar kalmar Larabci da Hausa ko Fulatanci da ƙaramin hannu, su ne ke fara fita daga gani a kan gajeren allo.

Wasu za su ce a sayi manyan alluna masu ƙwaya 3840 da 2160 a huta. Sashen da ke da hali ya saya, alheri ne. Sai dai ko wannan allon, a kwance, bai kai ƙwaya 2,600 da warƙar misalin nan ke buƙata a tsaye ba, kuma manhaja za ta ci gaba da matse hoto a kansa muddin mai karatu bai san ya hana ta ba. Ga tsada, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Sanin saiti kuwa darasin awa biyu ne.

Wasu kuma za su ce wannan aikin injiniyoyi ne, bai shafi malamin adabi ba. Masu nazarin takardun Daular Sakkwato ba su taɓa cewa sanin tambarin wata uku da ke jikin takardar Italiya aikin masu masana'anta ne ba. Sun koye shi domin yana taimaka musu wajen kintatar zamanin kwafi. Duk abin da ya shiga tsakanin hannun marubuci da idon manazarci ya zama abin nazari, allo kuwa ya shiga.

Gaskiya ne cewa babu saitin da zai dawo da abin da ba a ɗauka ba tun farko. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004 kuma ya ɗauki nauyin ayyuka a arewacin Nijeriya, ya shardanta ƙwaya 300 a inci da tsarin TIFF wanda ba ya zubar da bayani. Taskar ajamin Afirka da Farfesa Fallou Ngom ya jagoranta a Jami'ar Boston ita ma ta sa dubban shafuka a intanet, da na Hausa a ciki. Abin lura shi ne wayar ɗalibi ba ta gaza ba. Kyamara mai ƙwaya miliyan 12 tana ba da 4000 da 3000, kuma in warƙar santimita 22 ta cika hoton, an sami fiye da ƙwaya 450 a inci, matuƙar akwai haske kuma hannu bai yi rawa ba. Asarar daga baya take zuwa. Ɗalibi ya tura hotunan daga waya zuwa kwamfuta ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta rage su, alhali da ya tura su a matsayin fayil ko ta waya mai igiya da sun isa yadda suke. Ya liƙa su a Microsoft Word, wadda bisa saitinta na asali take rage hoto zuwa ƙwaya 220 a inci. Ya mayar da kundin PDF mai sauƙin nauyi domin ya aika wa mai duba shi. A kowane zango an zubar da wani abu, har abin da ya isa hannun mai jarrabawa na waje ba zai iya tabbatar da karatun ɗalibi ko ya ƙaryata shi ba.

Abin da ake nema daga sassan Hausa bai da yawa. Babin hanyoyin bincike na duk kundin da ya dogara da hoton takarda ya faɗi adadin ƙwayar hotunan, ya faɗi cewa an karanta su a cikakken girmansu, ya kuma jera wuraren da ɗigo ko wasali ya kasance abin shakka a maimakon a shafe shakkar da zato. A riƙa sa 'yar rula a gefen warƙa lokacin ɗauka domin a iya lissafa kaifin hoton daga baya. Kowane sashe ya keɓe kwamfuta ɗaya da allo a tsaye domin wannan aiki. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006 tana maƙwabtaka da Jega da Alelu, tana kuma yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke neman batun aikin kammala karatu. Haɗa su da masu nazarin Hausa na Sakkwato da na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu zai amfani ɓangarorin biyu. Akwai ma aikin kalmomi da ke jira: ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace ya fito ne a 1990, kafin allon kwamfuta ya zama wurin karatun Hausa, kuma sunayen da aka yi amfani da su a nan, ƙwayar haske da shimfiɗa mai rara, shawara ce kawai da ke jiran hukuncin masana.

Mujallun da ke fitowa a intanet su ne suka fi kowa rashin uzuri, domin ba su biyan kuɗin takarda. Unicode ta shigar da fa da ƙaf da nun na rubutun Warshu a 2016, ta ƙara wasu haruffan ajamin Hausa a 2020, kuma akwai zubin haruffa na Alkalami da Harmattan da ƙungiyar SIL ta fitar kyauta, don haka ana iya buga matanin ajami a matsayin rubutu kusa da juyinsa na boko. Hoton warƙar kuwa a ajiye shi daban da cikakken girmansa, mai karatu ya buɗe ya duba da kansa, a daina cusa shi a rubu'in shafi a matsayin ado. Fayilolin asali, waɗanda ba su bi ta kowace manhajar aika saƙo ba, a ajiye kwafinsu a laburaren sashe, a kuma mayar wa mai gafaka da nasa kwafin. Gara da ruwan damina suna cin takarda a Alelu kamar yadda suke ci a ko'ina, kuma wasu daga cikin warƙoƙin da ake ɗauka a bana, nan da shekara ashirin hoton ne kaɗai zai rage a gwama da shi.